Yumɓun Malama Keziya

Ban daɗe da fita takaba ba na fara kai waina ƙofar makarantar firamare ta unguwarmu, nan Samaru. Baban yarana, wanda ake kira Ɗanmalam, Allah ya jiƙansa, lebura ne a gonar jami'a, bai bar mana komai ba sai ɗaki biyu a Hayin Dogo. Tandar ƙasa da nake suya da ita tun ta kayan aurena ce. Wata safiya ina sauke kaya santsi ya kwashe ni, tandar ta kuɓuce ta daki dutsen murhu, ta tarwatse. Ga ƙullu cike da bokiti, ga yara sun kusa fitowa tara. Na zauna ina kallon gutsattsarin. Ban yi kuka ba, amma na kasa ɗaga hannu.

Sai ga wata mata doguwa, baƙa, da siket da ɗaurin ɗankwali irin na matan coci, ta fito daga ajin da ke kallon ƙofa. Ta tsuguna a gabana. Ko sannu ba ta fara yi mini ba, sai ta ɗauki gutsure ɗaya ta juya shi, ta goga babban yatsa a bakin fashewar.

"Ba laifinki ba ne, Mama," ta ce. "Wadda ta gina ta ce ta yi rowar wuta. Dubi cikinta, bai gasu ba. Da ta kawo yau ma ta yi ƙoƙari."

Na ce, "Haka Allah ya so."

"Haka ya so. Kar ki zubar da waɗannan, ina son su."

Washegari na gan ta ta sauko daga bas rungume da wani abu a cikin tsohon zane, kamar mai ɗauke da jinjiri. Tanda ce sabuwa, jawur. Tun daga Jushi, unguwar da take zaune, ta riƙo ta a cinya. Na fara kwance bakin zanena, ta riƙe mini hannu.

"Ki soya mini guda biyu masu ƙone-ƙone a gefe, shi ke nan mun rabu."

Ba mu rabu ba. Ita ce Malama Keziya, malamar aji uku, kuma a tandar nan nake suya har yau.

Abin da na sani na rayuwarta kaɗan-kaɗan na tsince shi, a bakin murhu, tana hura waina tana magana ba tare da ta dube ni ba. A wani ƙauye bayan Kachia aka haife ta. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, kuma ta ce tun kafin ta iya rubuta sunanta ta iya tayar da wuyan tulu. Ta yi makarantar mishan, ta yi kwalejin horon malamai, sannan ta auri wani ma'aikacin reluwe mai suna Felix, shi ya kawo ta Sabon Gari. Da aikin jirgi ya mutu sai ya tafi kudu neman wani. Da farko yana aiko da saƙo, daga baya shiru. Ba ta taɓa ce mini ya mutu ba, ba ta kuma ce ya sake ta ba. Ni dai na san inda nawa yake kwance. Ita ko wannan ba ta samu ba.

'Ya ɗaya suka haifa, Hephzibah. Sunan ya yi wa bakina nauyi, ta ce in riƙa cewa Ziba, haka su ma suke kiranta a gida. Sanƙarau ya ɗauke ta tun kafin mu san juna.

A makarantar akwai darasin da ake kira aikin hannu. Ni ma da na yi aji huɗu kafin a cire ni, na tuna mun saƙa faifai, mun tufka igiya. Amma a zamanin da nake magana abin ya zama wani iri. In ƙarshen zango ya zo sai a ce wa yara, gobe kowa ya kawo aikin hannunsa. Uwa ta shiga kasuwar Samaru ta sayo tsintsiya ko mafici, wata ta ba da sabulu, wata ƙwai. Malami ya karɓa, ya ba da maki. Mai babbar tsintsiya ya fi mai ƙarama iya aikin hannu. Ba wanda yake ganin ƙarya ce, don kowa ya saba. Tsintsiya ta share makaranta, sabulu ya bi malamai gida.

Aji ɗaya ne kawai ba a kai masa tsintsiya. Duk ranar Alhamis bayan tara, Malama Keziya takan sa a tura bencunan aji jikin bango, yara su zauna a ƙasa. Daga inda nake zama, ƙarƙashin darbejiya, ina ganin komai ta taga, don tagar ba ta da murfi.

Makarantar ba ta ba ta ko kwalin fenti ba. Takardar buhun siminti take roƙowa wurin magina, ta yayyanka. Gawayi daga murhuna. Ja daga zoɓo, ɗorawa daga kurkur, shuɗi daga bular wanki. Abin shafawa kuwa asuwaki ne, kowa ya tauna nasa. Ranar farko da ta ce su zana gida, duk suka zana irin na cikin littafi, mai bututun hayaƙi a ka da furanni a ƙofa. Ta ɗaga na wani yaro mai surutu, Kevin, ta nuna wa aji.

"Kevin, gidanku ne wannan?"

"A'a, Malama."

"Na wa ne?"

"Na Bature ne."

"To Bature ya zana nasa. Kai ina kwatar ƙofar gidanku? Ina akuyar da ke cinye maka littafi kullum in na ba da aikin gida?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ta kore su waje gaba ɗaya, ta ce su zana abin da idonsu ya gani. Suka yo kaina. Na ja mayafi na rufe fuska, don ni ban saba a zuba mini ido ba, kuma zanen mutum bai kwanta mini ba. Ta lura nan take.

"Ku bar fuskar Mama, tata ce. Ku zana hannunta da tanda."

Ranar na ga hannuwana a takardu birjik, wasu da yatsa shida, wasu kamar ƙafar kaza.

Amma zane share fage ne. Yumɓu shi ne zuciyarta. Ita da kanta take zuwa fadamar Bomo ta haƙo, ɗan acaɓa ya kawo mata a buhu. Ta jiƙa shi, ta daka tsingaro ta zuba, ta ce shi ke hana tukunya tsagewa a wuta. Can ne gutsattsarin tsohuwar tandata suka tafi. Kafin a fara gini sai ta ce kowa ya rufe ido ya lalubi tsakuwa a cikin rabonsa. Yara wajen saba'in, amma sai ajin ya yi tsit kamar masallaci. Daga nan a murza, a naɗa, a lailaye. 'Yan mata su yi tukunya da kasko, maza su yi tirela da shanu. Shanun sun ɗan dame ni, har na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce abin wasan yara ba komai. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa gari, sai Kevin ya gina tasa da doguwar eriya, ya kara a kunne yana zagaya aji yana cewa, "Halo? Halo? Kai, Samaru ba sabis!"

In an gama ba a rubuta suna. Kowa ya danna babban yatsansa a gindin abin da ya gina. Ta ce suna ana iya samun iri ɗaya, a ajin ma Aisha nawa ne, amma yatsa kowa da nasa.

Sai a jera su a bayan aji su sha iska. Takan ɗauki abu ta ɗora a kumatunta. In ta ji sanyi, da sauran ruwa a ciki, ta mayar. In ba sanyi, ya bushe. A ƙarshen zango na biyu, cikin zafin bazara, ake gashi. A shimfiɗa itace da kara a bayan filin ƙwallo, a jera kayan, a rufe da busasshen kashin shanu da ciyawa, a sa wuta. In toka ta huce kowa ya tono nasa, ya ƙwanƙwasa ya ji yana ƙara, ya tafi da shi gida.

Na taɓa tambayar ta, "Malama, wannan wahalar gashin fa? Ai ko a haka ma sun yi kyau."

Ta ajiye wainar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ziba ta gina wata 'yar tukunya, kamar ƙoƙon shan magani. Na ce sai rani in gasa mata. Ba ta kai rani ba. Na ajiye tukunyar a kan taga. Da damina ta zo, ina makaranta ruwa ya bugo ta tagar. Na dawo na tarar da laka kwance, har ta gangaro bango." Ta duba tafin hannunta. "Akwai yatsanta a gindi, Mama. Shi kaɗai nake da shi."

Ban sake yi mata wannan tambaya ba.

Shekarar da autata Nana Hafsat ta shiga aji uku aka kawo sabon hedimasta, Malam Suhail. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Matashi ne mai son tsari, kullum kaftaninsa a goge. Ya tarar da rufin aji biyu iska ta yaye, yara sun yi wa bencuna yawa, ga iyaye suna zuwa ƙorafi cewa duk Alhamis yaransu na komawa gida da kayan makaranta dumu-dumu, sabulu kuma ya yi tsada. Tagar ofishinsa kusa da darbejiyata take, don haka na ji ranar da ya kira ta.

"Malama Keziya, zauna mana."

"Na gode, Yallaɓai, hannuna da laka."

"Ai kullum hannunki da laka, shi ne ma maganar. Yaran nan jarrabawa za su rubuta, ba tukunya za a tambaye su ba. Ajinki kaɗai ne ba ya kawo tsintsiya, sauran malamai suna ta magana."

"Yallaɓai, tsintsiyar wa ya yi ta?"

"Oho. Tana shara dai ko?"

"Tana yi."

"To kin gani. Amma ba zan zalunce ki ba. Ranar rabon kyaututtuka manya za su zo daga ofishin ilimi. Ki cika mini tebur da abin da za su gani su yaba. In sun yaba, ki riƙe Alhamis ɗinki, har in nema miki ɗaki na musamman. In ba haka ba, ajinki ya bi sahun kowa."

Ta fito tana murmushi. Ta ce mini, "Ɗaki fa ya ce, Maman Nana. Mai ƙofa da makulli." Ranar waina huɗu ta ci.

Lissafinta shi ne a yi gini da sanyi, a gasa da bazara kamar kullum, a adana har ƙarshen shekara. Sai aka shiga dogon yajin aikin malamai. Aka rufe makarantu, rani ya wuce a banza, ni ma na koma suya a ƙofar gida. Ba a buɗe ba sai da damina ta zauna, kuma ba a ɗaga ranar taron ba.

Yaran sun yi gini, sun ma fi na kowace shekara kyau, don ta gaya musu manya za su gani. Nana Hafsat ta gina mini butar alwala ta ƙasa, 'yar ƙarama mai dogon hanci, ta hana ni taɓawa, ta ce sai ta gasu. Amma yumɓu ya ƙi bushewa. Sama kullum a rufe, bango yana tsattsafo da ruwa, ko wanki sai ya kwana a igiya. Muka kwashe kayan a kwali zuwa gidana, muka jera su a ɗakin girki kewaye da murhu, ina juya su safe da yamma kamar mai shanyar kuɓewa.

Malam Suhail ya ji labari ya tare ta a baranda.

"Malama, wai me ya sa kike wahalar da kanki? Ki shafa musu fenti kawai a jera. Wa zai sani?"

"Yaran za su sani, Yallaɓai, ran da suka zuba ruwa."

"Ai sai bayan taro za su zuba."

"Na yi musu alkawari kowa zai tafi gida da abin da ba zai narke ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin taron gari ya waye da rana. Filin makaranta ya zama taɓo, don haka muka shirya wutar a kangon da ke bayan gidana, da itace da kashin shanun da na ɓoye wa ruwa a ƙarƙashin gado. Bayan la'asar yara suka cika kangon, wasu har da ƙannensu a goye. Malama Keziya ta zauna a bakin ɗakin girki tana ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya tana ɗorawa a kumatu. Ba ta mayar da ko ɗaya gefe ba. Amma ina kallon fuskarta, kuma na san ta.

Na matso na yi ƙasa da murya. "Malama, sun bushe?"

"Bayansu ya bushe."

"Cikin fa?"

Ta dubi sama. Hadari ya fara haɗowa ta wajen Shika. Ta dubi yaran da suka yi da'ira suna ture juna.

"Jibi ne taron," ta ce. "Ubangiji ya taimake mu."

Ta yi addu'arta, ni ma na yi bisimilla, ta sa wuta ta gefe, a hankali, don zafin ya shiga sannu-sannu. Da farko lafiya. Farin hayaƙi ya tashi, yara suna waƙa suna tafi. Can sai iskar hadarin ta taso ta hura wutar gaba ɗaya, ta kama ko'ina lokaci guda.

Na farko ya yi ƙara kamar an fasa ƙwai. Kevin ya yi ihu, "An kira waya!" aka yi dariya. Sai na biyu, sai na uku, sai abin ya zama kamar ana gasa gugguru, tas, tas, tas, gutsattsari suna tsalle daga cikin ciyawa. Dariyar ta mutu. Ta daka wa yaran tsawa su ja baya, ita kuwa ta tsaya inda take, zafi yana dukan fuskarta, hannuwanta a sake. Ba abin da za a yi. Wutar gashi in ta kama ba a tsayar da ita, sai ta cinye. Kowane tas da aka yi sai na ga ƙiftawar idonta, kamar a jikinta ake yi.

Ruwan ma bai sauko ba ranar. Hadarin ya zagaye ya tafi.

Washegari Lahadi ba ta je coci ba, ta zo muka tone tokar. Yara kaɗan suka dawo. Abin da ya fita lafiya bai cika faranti ba: wasu ƙananan kasake da tayar tirela. Nana Hafsat ta tona ta tona har ta samo hancin butarta, shi kaɗai, ya gasu jawur. Ta hura ta ciki, iska ta fita. Ta sa a aljihu ta shige ɗaki. Malama Keziya ta bi ta da kallo.

"Na sani fa," ta ce mini. "Kumatuna sun gaya mini. Uwata da tana nan da ta mare ni."

Ta sa muka tattara gutsattsarin duka a buhu, ko ɗaya ba ta bari an zubar ba.

Ranar taro na kafa murhuna da wuri. An yi rumfa, an ɗauko kujerun haya. Ga tebur dogo an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an cika shi da faifai da mafici da tsintsiya da ludayi. Da sassafe Malam Suhail ya aika kasuwar Sabon Gari aka sayo. Faifan ma na gane su, saƙar wata tsohuwa ce da ke zama kusa da 'yan ƙwarya, ita ce ke sa baƙi da ja a tsakiya. Aka ce Malama Keziya ta tsaya a bayan teburin, tunda ita ce malamar aikin hannu. Ta tsaya, da rigarta ta zuwa coci.

Babban baƙon, wani mai ƙiba da babbar riga, ya ɗaga faifai ɗaya ya juya shi.

"Ikon Allah! Yara ne suka yi wannan?"

"Ƙoƙarin Malama Keziya ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Suhail.

"Madalla, madalla. Irin waɗannan malamai muke nema. A tafa mata!"

Aka tafa. Yaran ajinta suna zaune a gaba, su ma aka ce su tafa, suka tafa suna kallon ta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Idonta yana kan ƙyallen tebur.

Da aka watse ta zo ta zauna a kan bencina. Na zuba mata masu ƙone-ƙonen gefe, ba ta taɓa ba.

"Maman Nana, yau an tafa mini," ta ce. "Shekara ashirin ina koyarwa, sai yau."

Malam Suhail ya zo wucewa yana tura babur ɗinsa, fuskarsa a sake. Da zuciya ɗaya ya yi maganar, na tabbata.

"Kin gani ko, Malama? Sun yaba. Ba laka, ba hayaƙi, ba wanda ya ƙone. Na rufa miki asiri, na rufa wa makaranta."

"Na gode, Yallaɓai."

Daga sabuwar shekara aka mayar da Alhamis bayan tara ta zama ƙarin lissafi. Ita kuma aka ɗora mata karɓar aikin hannu na makarantar gaba ɗaya. Ƙarshen kowane zango sai ka gan ta zaune a baranda, yara sun yi layi, kowa da tsintsiyarsa, tana karɓa tana jinginewa a bango. Ba ta yi gardama ba. Hannunta ya yi fes, farcenta ba ɗigon laka. Ban taɓa ganin hannu mai tsabta da ya ba ni tausayi kamar nata ba.

Ta fara ramewa, ƙafafunta suna kumbura har takalmi ya daina shiga. Aka ce ciwon suga ne, aka hana ta waina, amma takan zo ta zauna ta sha ƙamshi, in ji ta. 

Ana gab da hutun Kirsimeti, wata ranar Asabar, sai ga ta a ƙofar gidana da ɗan acaɓa, sun ɗauro buhu a baya. Da ƙyar suka shigo da shi. Yumɓu ne. Duk da ƙafar nan ta je Bomo ta haƙo, ta tace shi, ta daka gutsattsarin kayan yaran da suka fashe ta cuɗa a ciki. Ranar na ga tsohuwar fuskarta ta dawo. Ta ce ta yi tunani, makaranta ta Malam Suhail ce, amma Asabar ba tasa ba ce, kangon bayan gidana ma ba nasa ba ne. Za ta je gida hutu ta sha magani, in ta dawo rani ya kama sosai, sai ta tara yaran nan su sake gini. Nana Hafsat ta leƙo daga ɗaki. Malama ta ce mata, "Ke, hancin butar nan yana nan? Ki adana shi, da shi za mu auna sabon." Muka ja buhun zuwa inuwar bayan ɗakina. Ta yi mini bayani a kansa, ta hau acaɓa ta tafi.

Aka koma makaranta, wata yarinya sabuwar malama ce a aji uku. Na tambaya aka ce Malama Keziya jiki ya ƙi, tana ƙauye. Rani ya zo ya wuce. Ba ni da lambar kowa nata, ita ma ba ta taɓa mallakar waya ba. Da aka yi ruwan farko na kasa haƙuri, na shiga bas na sauka Kwangila, na sake shiga wata, na yi ta tambaya a Jushi har aka nuna mini gidan. Duk zamanmu ban taɓa zuwa ba sai ranar.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Wata maƙwabciyarta mai sayar da manja, Madam Bibiana, ta fito tana goge hannu. Da na faɗi sunan sai ta dafa ƙirji.

"Ke ce mai waina? Ayya, Mama. Kullum tana maganarki. Ta tafi fa. Tun kafin bikin Ista. An binne ta can wurin mamanta."

Na yi salati, na nemi wuri na zauna a bakin rijiya. Ta ce 'yan uwa sun zo da mota sun kwashe gado da akwati da keken ɗinki. Abin da suka bari shi ne tarkacen da ke kan kanta, ƙananan tukwane da shanu da motoci da yara suka riƙa ba ta kyauta shekara da shekaru. Mai gida ya fitar da su tsakar gida don sabon ɗan haya. Na gan su warwatse a gindin bango, ruwan jiya ya dake su, ba abin da ya same su. Wani ɗan kasko ya cika da ruwa, kaza tana sha a ciki. Na kore ta na ɗauka na juya. Ga yatsan wani yaro a gindi, ƙarami, kowane layi ya fito. Ban san ko na wane ne ba. Wataƙila yanzu yana jami'a, ko yana tuƙa acaɓa.

Ban san irin addu'ar da zan yi mata ba, ni ba malama ba ce. Na bar wa Allah lamarinta, ya fi ni sanin ta.

A makarantar har yanzu ana kawo aikin hannu, yanzu ma har da omo. Nana Hafsat tana sakandare, ba ta sake taɓa laka ba, amma hancin butar yana cikin gwangwanin 'yan kunnenta, na gani. Buhun kuwa yana nan bayan ɗakina. Babban ɗana ya sha cewa in bari ya zubar, wai yana wari, yana tara kunama. Ni ban iya gini ba, ban kuma san wanda zan ba ba. Amma kullum in na yi alwalar asuba, ragowar ruwan buta a kansa nake juyewa, in taɓa in ji da laushi, in mayar da tsumman in rufe. Don ranar da ta kawo shi, har ta ɗora ƙafa a kan acaɓa ta sauko, ta dawo ta kama hannuna ta ce:

"Maman Nana, abu ɗaya nake roƙon ki. Ki riƙa yayyafa masa ruwa, ko kaɗan ne. Kar ki bari ya bushe kafin in dawo."